Yadda dogon mutum zai samu wurin zama a jiragen lilo na manyan wuraren wasa

Idan tsawonka ya kai santimita 188, wato ƙafa 6 da inci 2, ko ya haura haka, to ka sani ba da awonka aka fara ƙera kujerun jiragen lilo ba. Ina nufin taragon nan masu gudu a kan titin ƙarfe ko na katako, suna hawa suna gangarowa, wasu har su kifa da mutum kai a ƙasa. Duk da haka mafi yawansu za su ɗauke ka, in ka san wanda za ka nufa, da sahun da za ka roƙa, da yadda ake zama. Ni dogo ne, kuma na daɗe ina hawansu. Abin da na tabbatar shi ne tsawon da ake aunawa a tsaye ba shi kaɗai ke yanke hukunci ba. Mutum biyu za su zo kai ɗaya, wannan ya zauna daram, wancan ƙarfe ya ƙi kulluwa a kansa. Bambancin yana inda tsawon ya taru: wani a ƙafa, wani a gangar jiki.

Kayan da za ka tanada

Tef ɗin awo irin na tela, mai inci a gefe ɗaya da santimita a ɗaya gefen. In babu, igiya da rular 'yan makaranta sun isa: ka auna da igiyar, ka ƙulla alama, ka bi ta da rula. Sai benci ko kujerar katako mai tauri, domin kushin yana nutsewa ya ba ka awon ƙarya. Sai bango miƙaƙƙe, da fensir, da littafi mai tauri da za a ɗora maka a ka, da mutum ɗaya da zai riƙe maka tef. Sai waya mai intanet.

Na ranar tafiya kuwa: takalmi mai ɗauri marar tudu, wando mai ɗan kauri wanda bai matse ka ba, riga marar yalwa, da ɗan kuɗin akwatin ajiya, tunda aljihunka fanko za ka bar shi.

Mataki na 1: Auna kanka a gida

Yi awon da safe. Mutum ya fi tsawo da safe da kamar santimita 1 zuwa 2, saboda guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan baya yana matsewa in an wuni a tsaye. Awon safe shi ne mafi girma, shi za ka riƙe, don kada ka je da lambar yamma a auna ka da hantsi a samu saɓani.

Na farko, a tsaye, da takalmin da za ka je da shi, domin yawancin wuraren da takalmi suke aunawa. Diddige da baya manne da bango, a ɗora littafin a kanka, a ja layi a ƙarƙashinsa, a auna daga ƙasa.

Na biyu, ka zauna a benci, mazaunai da baya manne da bango. A auna daga saman bencin zuwa saman kafaɗa, a ƙara zuwa tsakar kai.

Na uku, kana zaune dai, daga bango zuwa gaban ƙoƙon gwiwa. Na huɗu, daga ƙasa zuwa saman gwiwa, tafin ƙafa a shimfiɗe. Ka ƙara da ƙirji da ƙugu, domin dogon da yake da jiki matsalarsa biyu ce.

Rubuta tsawonka da ma'auni biyu a waya. Turai da ƙasashen Larabawa da santimita suke rubuta alluna, Amurka da inci zalla. Inci 76 shi ne santimita 193, inci 77 kusan 196, inci 78 kuma 198. Waɗannan lambobin ne za ka yi ta cin karo da su.

Mataki na 2: Gane inda tsawonka yake

Samu wani mai matsakaicin tsawo ku zauna gefe da gefe a benci ɗaya. In kafaɗunku sun kusa zuwa daidai amma gwiwarka ta yi gaba da tasa da kamar faɗin tafin hannu, kai mai dogayen ƙafafu ne. Rigimarka da ƙarfen cinya za ta kasance, wato ƙarfen da ke saukowa kan cinya ya kulle ka a kujera, da bangon gaban tarago. In kuwa gwiwoyinku sun kusa daidai amma kafaɗarka ta kai kunnensa, tsawonka a gangar jiki yake, kuma mariƙin kafaɗa, wanda ke saukowa daga sama ya danne kafaɗu da ƙirji, da matashin kai su za ka sa wa ido. Wasu sun haɗa duka biyun. In kana cikinsu, duk abin da ke tafe ya shafe ka.

Mataki na 3: Karanta dokar wurin kafin ka sayi tikiti

Kowa ya san akwai mafi ƙarancin tsawo saboda yara. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne wasu jiragen suna da iyaka ta sama, kuma ba a sassauta ta. A Europa-Park da ke garin Rust na Jamus, Silver Star da Blue Fire da Wodan duk a santimita 195 suka tsaya. Formula Rossa na Ferrari World a Abu Dhabi, wanda wasu masu zuwa Dubai yawon buɗe ido ke marmarin hawa, shi ma 195 ne. A Thorpe Park kusa da Landan, Stealth da The Swarm sun tsaya a 196. A Cedar Point da ke jihar Ohio ta Amurka, GateKeeper da Maverick inci 78 ne. Wuraren Disney na Amurka kuwa ba su cika sa iyaka ta sama ba, sai dai wasu taragonsu ƙanana ne ƙwarai.

Dalilin iyakar ba son rai ba ne. Injiniyoyi suna ɗaukar awon babban namiji, su lissafa iyakar inda hannunsa da ƙafarsa za su iya kaiwa in ya miƙa, su tabbatar babu ginshiƙi ko rufin rami a cikin wannan da'irar. Wanda ya wuce awon da aka yi lissafi da shi ya fita daga abin da aka gwada. Haka nan matashin kai yana da iyakar tsayinsa, mariƙin kafaɗa yana da inda yake lanƙwasawa.

Shiga shafin wurin, ka nemi takardar jagorar masu hawa, ka bi jiragen ɗaya bayan ɗaya, domin sukan sauya lambobin. Ta Cedar Point ta daɗe tana gargaɗin cewa wanda ya wuce ƙafa 6 da inci 2, ko ƙugunsa ya kai inci 40, ko ƙirjinsa inci 52, zai iya shan wahala a wasu jiragen. Wannan gargaɗi ne, ba hani ba. Ka bambance su. In shafin bai faɗi komai ba, ka aika musu saƙo da lambobinka na mataki na 1. Tambayar da ta zo da lamba ta fi samun amsa mai amfani fiye da “ni dogo ne, zan shiga?”

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne sayen tikiti mai tsada, har da na tsallake layi, sannan a je a tarar manyan jiragen uku da aka zo dominsu duk sun haramta. Galibi ba a mayar da kuɗi a kan haka.

Mataki na 4: San irin kujerar tun daga gida

Kamfanoni ƙalilan ne ke ƙera yawancin manyan jiragen lilo na duniya, kowanne da salon kujerarsa. Rubuta sunan jirgin a intanet, ka ga maƙerinsa, ka kalli hoton taragon da kyau: ƙafafun mutane a ina suke, ƙarfen daga ina yake saukowa.

Waɗanda suka fi yi wa dogo adalci a ganina su ne manyan jiragen gangara na kamfanin Bolliger & Mabillard na Suwizalan, irin Silver Star ɗin nan, da Shambhala na PortAventura a Sifen, da Nitro a jihar New Jersey. Kujerar a ɗage take, gefe a buɗe, ƙarfe guda mai faɗi yana saukowa a kan cinya, babu komai a kafaɗa. Gajere ƙafarsa da ƙyar take taɓa daɓe, kai kuwa taka za ta zauna daidai. Wanda zai sha wuya a nan shi ne mai kaurin cinya.

Kamfanin nan dai yana da masu rataye a ƙarƙashin titi, babu daɓe sam, ƙafa tana reto a iska: Nemesis na Alton Towers a Ingila, wanda aka sake wa suna Nemesis Reborn a 2024, da Raptor na Cedar Point, duka na 1994. Mai dogayen ƙafafu a nan yake hutawa. Mai doguwar gangar jiki kuwa sai ya yi da gaske, domin mariƙin kafaɗa ne, kuma akwai ɗan bel da ke fitowa daga tsakanin cinyoyi wanda dole ya kama mariƙin. Da yawa daga cikin irin waɗannan suna da kujeru na musamman masu bel biyu, galibi a sahun tsakiya. Ka sani an yi su ne don masu faɗin ƙirji: suna ba mariƙin damar tsayawa a ɗan gaba, ba su ƙara tsayi sosai ba. Duk da haka ɗan sararin yana taimako.

Sai masu mariƙi mai laushi kamar 'yar shara, irin na GateKeeper da The Swarm. Ba sa bugun kunne, amma a jikin dogo suna danna ƙashin wuya, wani lokaci su ƙara matsewa ana cikin tafiya. Ana jurewa, sai dai in jirgin ya tsaya jiran shiga tasha, a nan za ka ji shi.

Kamfanin Rocky Mountain Construction na Amurka, masu Steel Vengeance na 2018 da Zadra na ƙasar Folan, ƙarfen cinyarsu yana haɗe da wani matashi da ke tokare ƙwauri. A mai matsakaicin tsawo yana zama lafiya. A mai dogon ƙwauri da babban takalmi, matashin ne ke fara isa ƙafa kafin ƙarfen ya sauka kan cinya, shi ya sa wasu dogaye marasa ƙiba ma suke kasa kulluwa. Kada ka shiga layin irin wannan ba ka gwada ba.

Tsofaffin jiragen kamfanin Arrow, kamar Corkscrew na Cedar Point na 1976, kujerarsu a ƙasa take cikin tarago mai zurfi, gwiwa a sama, mariƙin kafaɗa mai tauri. Zama ne irin na kujerar tsakiya a bas ɗin haya, gwiwa a jikin ƙarfen gaba. Haka yawancin tsofaffin jiragen katako, waɗanda har da ɗan shinge a tsakiyar benci.

Akwai waɗanda ake hawa kamar babur. A wurin wasan Universal da ke Orlando a Amurka akwai mai babur da akwatin gefe: ka zaɓi babur ɗin, akwatin ya yi wa doguwar ƙafa kaɗan. A Magic Kingdom na Disney akwai wanda aka buɗe a 2023, ana kifa ciki a kansa, matashi ya danne baya, ƙarfe ya kama bayan ƙafa wajen sharaɓa. Wasu jiragensa suna da kujerun zama na sosai a can baya, kuma roƙa ake yi.

Masu harbawa da ƙarfi daga tsaye, su ba gwiwa ce abin dubawa ba, ƙeya ce. Formula Rossa yana kaiwa kilomita 240 a awa cikin ƙasa da daƙiƙa 5, har tabarau ake ba masu hawa. In ƙeyarka ta wuce saman matashin kai, wuyanka ne zai ɗauki wannan fizgar. Ko lambarka tana cikin iyaka, in babu abin da ya tokare ƙeyarka, ka sauka.

Wani abin da baƙo ba ya zato: manyan jirage masu ban tsoro sun fi karɓar dogo fiye da ƙanana. Ƙananan jiragen iyali, da masu tarago ɗai-ɗai da ke karya kwana kwatsam, da motocin karo masu sitiyari tsakanin gwiwoyi, su ne suke barin mutum da ƙujewa.

Mataki na 5: Sutura

Babbar riga ba ta da wuri a nan, haka jallabiya mai yalwa. Yadin yana taruwa a kan cinya da bayan mazaunai, ya cinye santimita biyun da kake nema. In kaftani za ka sa, ya zama gajere mai tsaga, ka ja bayansa ƙasa ya miƙe kafin ka zauna, gabansa kuma ka shimfiɗa shi, kada ya dunƙule a ƙarƙashin ƙarfe. Hula a akwatin ajiya za ta zauna. Iska za ta ɗauke ta, kuma ko wajen awo cire ta za a sa ka yi.

'Yar'uwa doguwa, ki bar ɗaurin ɗankwali mai tudu da acuci a ƙeya, domin ƙullin yana tura kai gaba ya hana ƙeya zama a matashi. Ƙaramin hijabi mai kama kai ya fi, ki cusa bakinsa cikin riga, babu fil mai tsini. Mayafi mai reto hatsari ne. A ƙarƙashin abaya ki sa wando, saboda bel ɗin da ke bi ta tsakanin ƙafafu.

Takalmi marar tudu yana rage maka tsayin gwiwa, yana kuma rage lambar awo ta halal. Silifas da takalmin da ba ya kama diddige ba a hawa masu reton ƙafa da su. Aljihu kuwa a zazzage shi tas. Walat a aljihun baya yana tura ka gaba, waya a aljihun gaba tana tare ƙarfen cinya, makulli ya soke ka. Rigar sanyi mai kauri ma a cire.

Mataki na 6: Kujerar gwaji

Manyan wurare da yawa suna ajiye kujera ɗaya a bakin layi, irin ta cikin jirgin sak. Ka nufe ta kafin komai. Mutane na kallo, na sani, amma minti ɗaya ne, ya fi ka yi awa biyu a layi a sauke ka a gaban jirgi cike da jama'a. In ka isa da sassafe ma babu kowa a wajen.

Zauna yadda zan bayyana a mataki na 8, ka ja ƙarfen da kanka. Wasu kujerun suna da fitila: kore ya kullu, ja bai kai ba. Wasu layi ne aka ja a jikin ƙarfen wanda dole ya bayyana. Wasu kuma bel ɗin ne shaida: in ya shiga da hannunka, ka wuce. Kira ma'aikacin da ke bakin layin ya duba, shi ya san alamar. Kada ka tsaya ga “ya kullu” kawai. Ka tambayi kanka abu uku: ƙeyata tana kan matashi? Ina iya jan numfashi sosai? Gwiwata da ƙwaurina za su jure duka a inda suke? Kujerar gwaji ba ta motsi, kuma sau da yawa babu bangon gaban tarago a jikinta, saboda haka ba ta gaya maka komai a kan wurin gwiwa.

In babu kujerar gwaji, kamar yadda aka fi samu a ƙananan wurare da irin namu na gida da ake cika lokacin sallah, ka tsaya wajen mafita ka kalli masu sauka. Nemi wanda ya kusa kai ka tsawo, ka ga inda gwiwarsa ta tsaya, in ya fito ka tambaye shi. Ko ka roƙi mai kula da injin ya bar ka ka zauna a taragon yana tsaye kafin ka biya. A irin wuraren nan kai ne mai duba kanka: in ƙarfen bai yi ƙarar kulluwa ba, ko ka ja shi sama ya biyo ka, kada ka yarda da “ba komai, riƙe da hannu”.

Mataki na 7: Roƙi sahun da ya dace

A bakin tasha akwai ma'aikacin da ke raba mutane sahu-sahu. Kafin ya nuna maka lamba, ka ce masa cikin ladabi: “Don Allah, wane sahu ne ya fi wurin ƙafa?” ko “Ina kujerar mai bel biyu take?” Tambaya ce da suke ji kullum. Yawanci zai ce ka koma gefe ka jira jirgi na gaba, ka jira.

Ƙa'idar da ta fi aiki ita ce: a jirgin da kowane tarago ke da sahu biyu ko uku, sahun farko na kowane tarago ya fi wurin ƙafa, domin ƙafa tana shigewa cikin hancin taragon. A mai sahu bibbiyu, wannan yana nufin sahu na 1, na 3, na 5, haka har baya. Ba dole sai sahun gaba ɗungurungum ba, wanda layinsa ya fi tsawo. Sahun ƙarshe na tarago yana kan tayoyi, ya fi girgiza, kuma bayan kujerar gaba yana dab da gwiwa. A benci mai ɗaukar mutum uku ko huɗu, gefe ya fi tsakiya, don kana iya karkatar da gwiwa ɗaya.

Mataki na 8: Yadda ake zama

A nan yawancin dogaye suke faɗuwa, ba don kujerar ta yi kaɗan ba.

Shiga da ƙafa ɗaya, ka kai ta inda za ta zauna, ka dafa bayan kujera, ka shigo da ɗayar, sannan ka sauka a hankali. In ka fara zama kafin ka shigo da ƙafafu, gwiwa za ta maƙale a bakin tarago. In mariƙin kafaɗa ne a ɗage, sunkuya, tsayinsa daidai goshinka yake.

Ka tura mazaunai har ƙuryar kujera, inda mazauni ya haɗu da majingina. Ka ɗan ɗaga jiki ka sake turawa. Wannan kaɗai yakan ba da santimita uku ko huɗu a gaba. In akwai bel, shi za ka fara ɗaurawa, a ƙasan ciki kan ƙashin ƙugu, tun ƙarfe bai sauko ya rufe maka hannu ba.

In ƙarfen cinya ne: matsalarka gwiwa ta fi ƙugu tsayi, cinya ta tashi, ƙarfen ya same ta da wuri. Maganin shi ne a kwantar da cinyar. In akwai wuri a gaba, miƙa ƙafafu har cinya ta kwanta a kan mazauni. In babu, harɗe idon sawu, ka ɗan buɗe gwiwoyi, za ka ga sun sauka. Wasu jiragen dokarsu tafin ƙafa biyu a daɓe. In ma'aikaci ya ce ka warware, ka warware. Miƙe bayanka, ka ja ciki, ka jawo ƙarfen har ya kwanta a gindin cinya kusa da mara. A nan ake son sa. Ƙarfen da ya tsaya a kan gwiwa ko tsakiyar cinya, ko da ya yi ƙara, bai riƙe ka ba, akwai ramin da jiki zai zame ta ciki.

In mariƙin kafaɗa ne: abin da jiki zai ce maka shi ne ka zame gaba don kafaɗa ta yi ƙasa. Kada ka yi. Zamewa tana tura ciki da ƙirji gaba, bel ɗin ƙasa ya kasa kaiwa, kuma tana barin ƙasan baya a lanƙwashe babu matokari a lokacin da nauyin jiki zai ninku sau uku ko huɗu a gindin gangara. Bar mazaunai a ƙurya. Saki kafaɗu su faɗi, ka ɗan turo su gaba, ka fitar da numfashi, ka kama hannayen mariƙin ka jawo shi ƙasa da kuma wajen cikinka. Ya taɓa kafaɗa ba laifi ba ne. In sai ka lanƙwasa wuya ko ka karkace kafin ya kullu, wannan jirgin ba naka ba ne.

Mataki na 9: Lokacin da ake dubawa

Ma'aikaci zai zo ya taɓa ƙarfen. In ya ce zai ɗan danna, ka fitar da numfashi ka bar shi. Dannawa ɗaya ta hannu abu ne da aka saba. Wasu wuraren dokarsu kai za ka kulle da kanka, ba a taya ka. Abin da ba a yi shi ne mutum biyu su hau kan ƙarfe da ƙarfin tsiya, ko kai ka shiga roƙo da jayayya a ƙyale ka. Kada kuma ka ɗaga gwiwa ko ka kumbura ciki don ƙarfen ya tsaya da sauran sarari.

Ina nanata wannan ne saboda an ga ƙarshensa. A watan Maris na 2022, a ICON Park da ke Orlando, wani yaro ɗan shekara 14, dogo mai jiki, ya zame daga kujerar wata hasumiyar faɗowa mai tsawon mita 131, irin wadda ake ɗaga mutane sama a sako su ƙasa, ya rasu. Bincike ya nuna an taɓa na'urar kujerar da hannu ta yadda take nuna a kulle take alhali tazarar mariƙin ta kusa ninka yadda aka saba, kuma nauyinsa ya wuce iyakar da maƙerin ya rubuta. An kwance hasumiyar a 2023. Na'urar da ta ƙi ba ka kore tana gaya maka gaskiya ne.

In bai kullu ba, tambaya ɗaya za ka yi: akwai wata kujerar da ta fi wannan? In babu, ka tashi ka bi mafita ka jira 'yan tafiyarka. Wasu wuraren sukan ba da takardar tsallake layi a wani jirgin in ka je ofishin baƙi ka yi bayani cikin natsuwa.

Mataki na 10: Ana tafiya, da sauka

Ƙeya a matashi tun kafin a tashi. In tazarar da ke tsakanin gwiwarka da bangon gaba 'yar kaɗan ce, gara ka manna gwiwar da shi ka tokare da tafin ƙafa. Ɗan sararin nan shi ke sa a yi ta bugawa a kowace kwana da kowane birki. Birkin ƙarshe shi ya fi cin gwiwa, ka dafa ƙarfen gaba da zarar ka hango tasha. Ƙafa ba ta fita gefen tarago ko da a matse kake. Ɗaga hannu kuwa, a sabon jirgin da kake cikin iyakarsa an yi lissafinsa. A tsohon jirgin katako mai shiga rami, ko wanda ke gudu cikin duhu, ni hannuna a kan ƙarfe yake zama.

Wajen sauka, jira ƙarfen ya ɗago gaba ɗaya, ka jawo ƙafafu ƙarƙashinka, ka dafa da hannu biyu ka miƙe. Kada ka murɗa gwiwa tana maƙale.

In da yaro ka zo

Wasu jiragen ƙarfe ɗaya ne ke rufe duk masu benci. Yana tsayawa ne a kan cinyar da ta fi tsayi, wato taka, yaron da ke gefenka ya zauna da sarari a gabansa. Kafin a tashi, sa hannu tsakanin ƙarfen da cinyarsa ka gani, ka nuna wa ma'aikaci. In sararin ya yi yawa, a haɗa yaron da babban da ya fi kusa da girmansa, kai ka koma sahun baya inda kake ganinsa. A lilon da ke juyawa da'ira, babba ne ke zama a gefen waje, don in an fara juyi nauyi can yake tafiya.

In ka wuce santimita 198

Jerin jiragenka zai ragu, musamman a Turai da Abu Dhabi, inda 195 da 196 suka yi yawa. Amurka ta fi sauƙi, domin jirage da dama a can ba su da iyaka ta sama, kulluwar ƙarfe kawai ake dubawa. Fara da masu ƙarfen cinya da buɗaɗɗen gefe, sai kwale-kwalen ruwa masu zagayayyen mazauni, da jiragen kallo masu tafiya a hankali a kan benci, da babban lilon taya. Da ka shiga wurin, ka wuce ofishin baƙi a auna ka sau ɗaya, ka roƙi su yi maka alama a taswirar wurin a kan duk jirgin da tsawonka ya halatta maka. Duk wanda ka hau ya karɓe ka, rubuta sunansa da maƙerinsa da lambar sahun a waya, domin irin wannan kujerar za ka sake tarar da ita a wani wurin da wani suna.